Bakin da Bai Iya A'a Ba

Kafin a ba ɗan Najeriya bizar aiki a Ingila sai an bincike shi ciki da bai. An ɗauki hoton ƙirjina don a tabbatar ba ni da tarin fuka. An zaunar da ni jarrabawar Turanci, karatu da rubutu da saurare da magana. An nemi takardar 'yan sanda mai shaidar ban taɓa aikata laifi ba, an ɗauki zanen yatsuna goma. Duk na tsallake. Abin da ba wanda ya gwada, wanda da an gwada da yanzu ina Zariya ina shan furata hankali kwance, shi ne ko bakina ya iya furta "a'a". Bai iya ba. Tun ina yaro bai iya ba, ga shi furfura ta fara leƙowa a gemu, har yau ana fama.

A zuci ina ƙin abu da ƙarfi, har da buga ƙafa. Sai dai tsakanin zuciya da leɓe akwai inda ƙin yake ɓacewa. In buɗe baki sai in ji "to" ta fito da murmushinta, wani lokaci har da "ai ba komai" a baya tana yi mata rakiya.

A gida wannan hali bai taɓa kai ni ƙasa ba, domin garinmu ya san yadda ake zama da irinmu. Mutum ya ce gobe ka raka shi Funtuwa ɗaurin aure, ka ce to, in Allah ya kai mu. Shi ya ji yadda ka ja muryar, ya san ba za ka ba, kai ma ka san ya sani. Gobe ta yi ba a gan ka ba. Jibi ku haɗu a masallaci, ya ce "shiru ba mu gan ka ba," ka ce "wallahi wani uzuri ne ya taso," ya ce "Allah ya rufa asiri," magana ta ƙare, ba wanda aka kunyata. Tsari ne mai kyau da na gaba suka gina don kada fuska ta ɓaci. Abin da ba a gaya mini ba shi ne tsarin ba ya shiga jirgi. A nan duk abin da ka amsa, wani zai zaro waya ya rubuta, da rana da ƙarfe, kuma kafin ka isa gida saƙon tuni ya riga ka.

Na zo Mancesta a 2023, cikin ayarin da ya kwararo bayan gwamnatin Birtaniya ta buɗe wa masu kula da tsofaffi da marasa lafiya ƙofar biza a Fabrairun 2022. Mun taki sa'a ni da iyali, mun shigo kafin 11 ga Maris 2024, ranar da aka hana masu irin aikinmu tahowa da mata da 'ya'ya. Zuwa Yulin 2025 ma aka daina ɗaukar sababbi daga waje ɗungurungum. Aikina a wani gidan kula da tsofaffi ne, can arewacin gari: wanka, canjin kaya, ba da abinci, juya wanda ba ya iya juya kansa a gado, da rubuta duk abin da aka yi, domin a wurinsu abin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne. Aiki ne na lada in an yi niyya, na ciwon baya ko an yi niyyar ko ba a yi ba.

Ranar farko manaja ta jera mini takardu a tebur tana bayani ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan wata sai ta dakata, ta ce wannan ba dole ba ce. Dokar ƙasar, tun 1998, ta ce kada ma'aikaci ya wuce awa 48 a mako in an ɗauki matsakaicin mako 17, sai fa in shi da kansa ya sa hannu ya yafe wannan kariya. Ta ce in tafi da ita gida in yi shawara. Ni kuwa na ga baiwar Allah ta wahala ta buga takarda, ga biro a gefe, ina zan mayar mata da abinta ba sa hannu? Kafin ta rufe baki na rattaba. Haƙƙin da 'yan ƙwadago suka yi shekara da shekaru suna nema, na yafe shi cikin daƙiƙa, don kada takarda ta ji ba daɗi.

Ba a jima ba labari ya bazu. Ba wanda ya yi shela, amma kowane wurin aiki mutanensa na da hanci, suna shinshino mai irin halina tun daga bakin ƙofa. Wanda ɗansa ba lafiya, ni. Wadda za ta bikin ƙawarta a Sifaniya, ni. Wanda kawai ya farka ya ji ba ya sha'awar fitowa cikin ruwan sama, a Mancesta kuwa ruwan sama ba ya jiran damina, ni. Jadawalin aiki da ake liƙawa a ofis ya zama sunana ne adonsa, sama da ƙasa, ja da baƙi.

Akwai dare ɗaya a shekara da tsofaffin hannu ke gudu. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogon ƙasar baya: ƙarfe biyu na dare ta buga, sai ta koma ɗaya. Mai aikin kwana a wannan dare awa 13 zai yi maimakon 12, shi ya sa tun Satumba kowa ke zamewa. Ni da na fito daga ƙasar da ba a taɓa agogo sai batir ya mutu, ina zaune ina lissafin saura awa shida, na ɗaga kai na ga saura bakwai. Na yi zaton barci ne ya fara wasa da idona. Wannan shekarar a yi mini uzuri, rashin sani ne. Da shekara ta zagayo na sani sarai, har ina ba wani sabon zuwa labari ina yi masa gargaɗi. Aka zo aka tambaye ni, na ce to.

In aka matsa mini da neman dalili, ina da amsa mai nauyi a aljihu: biza. Kuma ba ƙarya ba ce tsagwaronta. Bizar tamu ɗaure take da wanda ya ɗauke ka aiki. In ya sallame ka, ko gwamnati ta ƙwace lasisinsa, kwana 60 ake ba ka ka sami wani ko ka tattara komatsanka. An ci zalin mutane da yawa da wannan igiya. Wasu an karɓi miliyoyi a hannunsu tun daga gida, suka iso suka tarar ba aikin. Wasu suka tarar da aikin da ba shi da ranar hutu. Gwamnatin da bakinta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 ta soke lasisin masu ɗaukar ma'aikata sama da 470 a wannan fanni. Wanda ya faɗa irin wannan hannu in ya yi shiru, tsoronsa na gaskiya ne, ba abin dariya ba. Amma ni? Manajarmu ba ta taɓa ambata mini biza ba ko da wasa. Tsoron bayin Allah na ara na yafa, don in an ga halina a ce ai dole ce ta sa.

Shaidar haka kuwa tana nan tana aiki kafaɗa da kafaɗa da ni. Akwai wata 'yar Zimbabuwe, bizarmu iri ɗaya, shigowarmu kusan lokaci ɗaya. In aka ce ko za ta karɓi Asabar, sai ta ce "ba zan iya ba," ta ci gaba da naɗe zanen gado. Ba ta kawo labarin rashin lafiyar kakarta, ba ta rantsuwa, ba ta ba da haƙuri sau uku. Nakan tsaya ina jiran rufin ɗaki ya faɗo mata. Har yau bai faɗo ba, kuma in gaskiya za a bi, an fi ganin girmanta a kaina.

Aikin Kirsimeti ban ƙirga shi cikin asara ba. Musulmi ya riƙe wa maƙwabcinsa aiki ranar bikinsa, wannan zaman tare ne, kuma ana biya da ɗan ƙari. Inda abin ya taɓa ni shi ne Ƙaramar Sallar 2024. Wani abokin aikinmu Musulmi, mutumin Kerala ta Indiya, tun a Sha'aban ya rubuta neman hutun Talata da Laraba, don duk ranar da wata ya tsaya ta same shi a gida. Ni kunyar nema ta hana ni, amma Allah ya dube ni, jadawali ya fito na ga Laraba 10 ga Afrilu ba ni da aiki, Sallah kuma ta faɗo ranar. Na aika aka karɓo shadda daga wurin tela, uwargida ta yi cincin da dubulan, yara suka kwana suna gwada takalma.

Ana jajibere wata yarinya Baturiya, wadda in a gida ne ko gaishe ni sai ta rusuna, ta same ni a ɗakin shan shayi idonta ya yi raurau. Karenta ne ke ciwon haƙori, likitan dabbobi ya ba ta Laraba da safe, in ta rasa wannan sai wani watan. Ko zan taimaka mu yi musaya? Na san abin da ya kamata in ce. Jimlar tana nan a shirye: gobe Sallarmu ce. Kalma uku, kuma na tabbata da ta ji da ta ba ni haƙuri ta nemi wani, don yarinyar ba ta da mugunta. Na dubi idon nan, na tuna an ce kare ba ya iya cin abinci. Washegari maƙwabcinmu ɗan Sudan ne ya tafi da yarana filin idi, ni kuwa ina can sanye da rigar leda ina yi wa wani dattijo aski. An cire wa kare haƙori lafiya, an nuna mini hotonsa, na ce madalla.

Su kansu tsofaffin ba su tsira daga alherina ba. Mancesta gari ne da ƙwallo ta raba shi biyu, ja da shuɗi, kuma tsufa ba ya warkar da wannan. Wani tsoho a hawa na ƙasa, tsohon direban bas, ya kama hannuna wata safiya ya ce ai daga ganina ɗan United ne. Na ce ƙwarai kuwa. Ya yi murna har ya ba ni alewa. A hawa na sama akwai wani, ya yi rayuwarsa a masaƙa, ɗakinsa ko kofin shayi shuɗi ne. Shi ma ya tambaya, da irin kallon da ke cewa in ka ba ni kunya ba zan sha maganina ba. Na ce City, tun ina yaro. Na kwantar da raina cewa bene ya raba su, ƙafafunsu kuma ba na hawan bene ba ne.

Na manta da lif. Ranar 25 ga Mayu 2024 ƙungiyoyin biyu suka haɗu a wasan ƙarshe na kofin FA a Wembley, aka tattaro duk mai sha'awa zuwa babban falo gaban talabijin, kuma ba sai na faɗi wanda ya karɓi aikin wannan Asabar ba. Aka ajiye su gefe da gefe, ni a tsakiya da tiren biskit. United ta jefa ƙwallon farko, na ja ya juyo yana neman hannuna mu tafa, na shuɗi ya juyo yana neman wanda za su yi baƙin ciki tare. Ban san fuskar ɗan Adam na iya rabuwa biyu ba sai ranar: ɓarin dama na dariya, ɓarin hagu na ta'aziyya. Aka tashi 2 da 1, United ta ɗauka. Na shuɗi bai ƙara yarda na haɗa masa shayi ba har aka shiga sabuwar kaka. Abin takaicin, ni ɗan Arsenal ne tun 1999 da Kanu ya je can, tun muna biyan kuɗi a gidan kallo a Tudun Wada. A garin nan kaf ba wanda ya sani.

Kada mai karatu ya ce ai duk wahalar nan ana biya. Ana biya. Mafi ƙarancin albashi fam 11.44 ne a awa daga Afrilun 2024, ya koma 12.21 a Afrilun 2025, namu kuwa abin da ya ɗara wannan bai taka kara ya karya ba. Duk fam ɗin da ya hau sama da 12,570 a shekara, haraji zai ɗebi kashi 20 cikin 100, inshorar ƙasa ta ɗebi 8, kafin a zo kan fansho. Ga haya, ga harajin gida na ƙaramar hukuma, ga kuɗin gas da ke tashi da zarar sanyi ya shigo, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu. Abin da ya rage kuma, bakin da ya jawo shi shi ne ke rabar da shi.

Akwai samari da 'yan mata masu riga mai tambari da ke bin gida-gida da yamma suna nema wa ƙungiyoyin agaji masu tallafi. Ba tsabar kuɗi suke karɓa ba, lambar asusu suke so, banki ya riƙa cira da kansa duk wata. Maƙwabcina Bature ko ƙofar ba ya buɗewa duka: ya leƙo, ya yi godiya, ya rufe, ya koma kan shayinsa. Ni an tarbiyyantar da ni a kan ba a barin baƙo tsaye a ƙofa, balle cikin sanyi. Yau ina cikin masu tallafa wa masu ceton mutane a teku, ni da ko kwalekwale ban taɓa shiga ba. Ina tallafa wa binciken wata cuta da ban iya faɗin sunanta ba. Ina kuma tallafa wa wata ƙungiya mai kula da tsofaffin jakuna. Eh, jakuna. Sokewa ba wuya, danna waya ne kawai a manhajar banki. Amma duk lokacin da na ɗauko wayar sai in tuna sun aiko mini da wasiƙar godiya har da sunana a sama.

Cikin wasiƙar akwai hoton wani jaki tsaye cikin ciyawa kore shar, an lulluɓa masa bargo, ya yi ɓulɓul. Uwargida ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Malam, wannan ai ya yi ritaya. Kai ne da mangalar yanzu, kuma kai ke biyan fanshonsa."

Sai gida. A nan dole in yi taka-tsantsan, don akwai abin da ba ya shiga wannan lissafi. Na Hajiya ba roƙo ba ne, bashi ne da ba ya biyuwa. Kuɗin makarantar 'ya'yan Yaya da ya rasu, haka. Kuma wanda ya san abin da ya biyo bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, da sakin naira a watan da ya biyo, ba zai ce duk mai nema malalaci ne ba. Mutanen da a da su ake nema wurinsu, yau su ke nema. Sai dai faɗuwar nairar ta yi mini wani aiki na daban. Da fam ɗaya ya haura naira 2,000 a 2024, kowa a unguwarmu ya zama masanin lissafi. A ɗauki albashina na awa, a ninka da canji, a ninka da awa 24, don a ganinsu mai samun irin wannan kuɗi ba ya barci. A wannan kam ba su yi nisa da gaskiya ba.

Na iya gane saƙon murya tun daga tsawonsa. In ya wuce minti uku, ya fara da tambayar lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya bi ta kan sanyi da yadda muke fama da shi, na san inda zai sauka. Akwai na magani, akwai na suna, akwai na jari. Akwai ƙanin abokin wani ɗan ajinmu da ya ce shi ba kuɗi yake so ba, Allah ya kiyaye, iPhone kawai, ko da wadda na gaji da ita ce. Wayar da nake sauraren saƙon da ita gilashinta a tsage yake tun daga Zariya. Na ce to, bari mu gani. Na yi nufin irin "bari mu gani" ta gida, wadda kowa ya san ma'anarta. Ashe su ma sun daina ji da tsohon kunne: in daga Ingila ta fito, alkawari ce, alkawari kuwa kaya ne.

Da muka je hutu, akwatunan da jirgi ya yarda mana, kilo 23 kowanne, fiye da rabi saƙon mutane ne. Ranar dawowa wata gwaggo ta biyo ni har filin jirgin Malam Aminu Kano da ƙunshin kilishi, in kai wa ɗanta da ke karatu a Ingila. Na san doka: ba a shiga ƙasar da nama ko madara daga irin ƙasashenmu, in an kama za a ƙwace, ana iya cin tara. Na buɗe baki zan yi mata bayani. Ta ce, "Ɗan nan, kai ne ba ka taɓa ba ni kunya ba." Na karɓa da hannu biyu. In mayar, ba zan iya ba. In shiga da shi, ba ni da zuciyar. Sai na zauna a ɗakin jira na raba wa yara, na miƙa wa na kusa da ni, sauran na cinye da kaina, ina ci yaji na sa ni hawaye. Da na iso na je wani shagon 'yan Afirka na sayi wanda ake yi a nan da fam ɗina, na aika wa yaron ta gidan waya. Ya kira uwarsa ya ce kilishin Kano ya lalace, ba kamar da ba.

Duk wannan ina ɗaukarsa kirki ne ya yi mini yawa. Har nakan faɗa da ɗan alfahari: ni matsalata tausayi. Uwargida ce ta warware mini, wani dare da na dawo na tarar an yi taron iyaye a makarantar babbar 'yarmu ba ni, karo na ban san nawa ba. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta yi. Tana wanke tukunya ta ce, "Malam, ka daina cewa ba ka iya a'a ba. Ka iya. Na ce mu je kasuwa, ka ce ka gaji. Yaron nan ya ce ka kai shi wasan ƙwallo, ka ce wani satin. Na ce a sauya injin wanki, ka ce ba kuɗi. Mu ai kullum ita muke ci. Duk wadda ka hana mutanen waje, nan gidan kake kawo ta ka sauke."

Na nemi amsa na rasa. Na kwana ina jujjuya maganar, ban sami inda ta karkace ba. Wanda nake jin nauyinsa shi ne wanda zai iya ɓata fuska ya tafi ya ce da wani, ai wane ya canja. Wanda na tabbata ba inda za shi, shi ne ba na jin nauyinsa. In haka ne kuwa ba tausayi ke tuƙa ni ba, son a ce mutumin kirki ne, da tsoron minti ɗaya na shirun da ke biyo bayan ƙi. Minti ɗayan nan nake saye da Asabar ɗin yarana. Kuma ban ma tsaya a kansu ba. Mai kula da tsoho in bai yi barci ba hannunsa na rawa, idonsa na tsallake layi a takarda. Dokar da ta ce a bar awa 11 tsakanin tashi daga aiki da komawa ba don lalaci aka yi ta ba, don wanda ke kwance a gadon aka yi.

Manaja ma ta gano. A zaman duba aiki da ake yi lokaci-lokaci ta juyo mini da kwamfuta ta nuna mini cewa cikin hutun mako 5.6 da doka ta ba kowane ma'aikaci a shekara, ko rabi ban taɓa ba, shekarar kuma ta kusa ƙarewa. Ta ce takardar nan ta ranar farko ina iya janye ta duk sanda na so, in dai na ba da sanarwa a rubuce. Ta ce tana so in koyi ƙin abin da ya fi ƙarfina, ta tambaye ni ko na yi mata alkawari. Mai karatu ya san abin da na ce.

Na dai gwada. Na tsaya gaban madubin banɗaki ina maimaitawa har ƙaramin ɗana ya leƙo ya tambayi uwarsa da wa Baba ke faɗa. Ranar gwaji ta zo, wani abokin aiki ya nemi in karɓar masa Lahadi. Na haɗiyi yawu, na kafa ido a bango, na ce ba zan iya ba. Ya ce ba damuwa, ya juya ya tambayi na bayana, wancan ya karɓa, aka wuce wurin. Ko daƙiƙa goma ba a yi ba. Na yi tsammanin zan ji sanyi a rai. Haushi na ji. Ashe duk shekarun nan da na ƙi, haka za a ce ba damuwa a wuce? Ashe gidan ba a kafaɗata yake tsaye ba? Abin ya tsaya mini har lokacin tashi. Na tare shi a wurin ajiye motoci na ce, in wancan ya fasa, ya kira ni. Wancan ya fasa.

Yanzu mun koma wani tsari, tunda gyaran hali ya ƙi. An koya mini jimla ɗaya da bakina ke iya ɗauka: "bari in tambayi gida." Turawa na jin haka sai su gyaɗa kai cikin girmamawa, suna ganin mutum ne mai shawara da iyalinsa. 'Yan uwa a Zariya kuwa sun fassara ta yadda suka ga dama, har an ce wata inna ta fara neman mini addu'ar karya sammu. Na ji labari, ban musa ba, don musu ma wani nau'in ƙi ne.

Saboda haka masu buƙata, na nan da na can, daga yau a daina wahalar da kai da dogon saƙon murya, a nemi uwargida kai tsaye. Katin banki yana jakarta, jadawalin aikina yana liƙe a jikin firji inda take ganinsa, kuma na Hajiya da na marayu ta riga ta ware tun ranar albashi. Sauran ku gwada sa'arku.